Kwalaben da na zuba a motar Baba Alhaji

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki, ina gaida duk masu bibiyar wannan shafi, manya da yara. Don girman Allah ki ɓoye sunana da sunan garinmu, sunayen da zan kira a ciki ma duk na aro ne. Na san wasu za su fara tsine mini tun ba su kai rabi ba, kuma ba zan ce ban ci tsinuwar ba, amma ina roƙonku ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Zagina ba zai kwance mutumin da yake ɗaure yanzu haka saboda ni ba. Shawara nake nema, kuma lokaci ya kusa ƙure mini.

Ni sana'ata wankin mota. Ba irin na a watsa ruwa a goga tsumma a ce an gama ba. A birni na koya, wurin da ake kwance kujeru a fitar da su rana, a ɗaga kafet, a zuƙe ƙura da inji, a bi lungu-lungu da ɗan buroshi, a shafe dashbod da mai har ya riƙa ɗaukar ido. Da rayuwa ta yi tsada, fetur ya haukace, kuɗin motar zuwa Kano da dawowa ya koma cinye abin da nake samu, sai na tattaro injina da bokitaina na dawo gida. Garinmu yana wajen Minjibir, irin ƙauyukan nan da gonar wannan ke manne da bayan gidan wancan, kowa ya san akuyar kowa. Akwai wani dattijo aminin marigayi mahaifina, mai sayar da hatsi a Dawanau, Baba Alhaji muke ce masa. Shi ya yanka mini ɗan fili a bakin titi daga gefen gonarsa, ya ce, "Kafa rumfarka a nan, ɗana, ubanka ya yi mini abin da ya fi wannan." Ko godiyar bai bari na gama ba.

To amma wa ke wanke mota a wannan zamani? Mutumin da ke tunanin yadda tiyar gero za ta kai iyalinsa jibi, shi zai kawo maka mota ka goge masa dashbod? Masu motar ma yawanci sun ajiye su a gindin darbejiya, kaji na hawa suna sauka. Sai in wuni a rumfa ina kallon titi, in koma gida matata ta dube ni in dube ta. Abin da ya cece ni hoto ne. Duk motar da aka kawo sai in ɗauke ta kafin in taɓa, in sake ɗauka bayan na gama, in haɗa su gefe da gefe in sa a sitatus da guruf ɗin garinmu, in rubuta "kafin" da "bayan". Da yake mutane da yawa sayar da motocinsu suke saboda matsi, dillalai suka fara turo mini, har daga Tofa ake kawowa a gyara kafin a kai wa mai saye. Sai dai akwai wata dabara da na taho da ita daga birni, wadda da yawa cikin 'yan sana'ar nan sun san ta ko da ba za su faɗa ba. In mota ta zo ba ta yi datti sosai ba, hotonta ba ya jan ido, don haka sai ka ƙara mata. Ina da wani buhu a bayan rumfa da nake tara sharar da na kwaso daga motocin mutane, ledojin ruwa, ɓawon gyaɗa, totuwar masara, tuƙar rake, robobin lemo. Sai in ɗebo in watsa a ƙasan kujeru, in yayyafa ƙasa a kan kafet, in ɗauki hoton, sannan in share abina. Wa aka cuta? Haka nake ce wa kaina. Mai mota ya tafi da motarsa fes, ni na samu talla, shikenan.

Baba Alhaji yana da wata tsohuwar mota fara, kuma babban ɗansa namiji, Nafi'u, shi ke jan sa zuwa kasuwa. Na girmi Nafi'u, Yaya yake ce mini tun muna yara. Mutum ne mai sanyi, ba ya doguwar magana, in ladan ya yi tafiya shi ake turawa ya kira salla. Ko goro ban taɓa ganin ya ci ba. Wata safiya bayan an gama girbi ya shigo da motar yana dariya yana toshe hanci, ya ce, "Yaya, ka taimake ni. Gwaggo ta ba ni saƙon man shanu da daddawa in kai birni, man ya narke a but ya bi kafet, Baba ya ce ba zai sake shiga ba sai an fitar da warin nan." Ya bar mini makulli, ya hau bayan babur ɗin wani ya koma gona. Na buɗe motar, wari kam kamar ya kayar da ni, amma ido ba ya ganin komai. Nafi'u mai tsabta ne, kullum da tsummansa a aljihun ƙofa. Aikin wuni guda ne a gabana, aiki mai wuya, amma wari ba ya fita a hoto. Sai na zagaya bayan rumfa na jawo buhun.

A cikin sharar akwai wasu ƙananan kwalabe masu ruwan ƙasa, na maganin tarin nan da samari ke sha su bugu, waɗanda na kwashe daga motar wani direban haya. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban gan su ba. Na gan su sarai. Ni da hannuna na jera su a ƙasan kujerar direba, har na gyara wa ɗaya kwanciya don hasken rana ya faɗa mata, saboda na ga sun ƙara wa hoton muni. Wallahi tallahi a lokacin ban kawo komai a raina ba, ni dai shara kawai nake gani. Na ɗauki hoto, na kwashe kayana, na yi aikin tsakani da Allah, na cire kafet na wanke da ruwan zafi, na shanya, na turara motar. Da yamma Nafi'u ya zo ya leƙa ya shaƙi iska ya ce, "Kai Yaya, hannunka akwai albarka." Yana tafiya na haɗa hotunan, na shafe lambar motar da baƙi a waya kamar yadda muke yi a birni, na saka.

Nan ne wautata ta fito. A birni in ka rufe lamba ka rufe mota. Amma a garinmu? Motar da ta kai rabin matan garin asibiti haihuwa? Motar da ke gaba a duk ɗaurin aure da duk ta'aziyya? Carbin da ke rataye a madubi kowa ya san shi, rigar kujerar kuma Inna, mahaifiyar Nafi'u, ita ta saƙa ta da hannunta da zare kore da fari. Kafin magariba wani ya jawo hoton ya zagaye kwalaben da jan layi ya mayar guruf, ya rubuta, "Innalillahi, wannan ba motar Alhaji ba ce? Wa ke zama a kujerar nan?" Na yi maza na goge nawa, amma ina, ya riga ya shiga wayar kowa, har 'yan garinmu da ke ci-rani a kudu sun gani. Me ya hana ni faɗin gaskiya nan take? Layi ɗaya ne fa, in ce jama'a ni na zuba. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Abin da nake tunani shi ne, in na faɗa, duk hotunan da na taɓa sawa sun zama ƙarya, dillalai za su watse, in koma kallon titi. Na ce a raina ai surutun guruf ne, zai wuce kamar sauran.

Washegari da hantsi sai ga Baba Alhaji a ƙafa, shi da bai taɓa zuwa rumfata a ƙafa ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce a raina yau asirina ya tonu. Ya zauna a benci ya ce, "Ɗana, da ka zo ka same ni a zaure ka faɗa mini tsakanina da kai, da ya fi mini sauƙi. Amma ban riƙe ka ba. Allah ne ya so ya nuna mini abin da ke cikin gidana, sai ya bi ta hannunka. Na gode." Jama'a, godiya ya yi mini! Dattijo mai furfura, idonsa ya kaɗa ya yi ja, yana mini godiya. Bakina ya buɗe, gaskiyar ta zo har maƙogwaro, kun san me ya fito? "Allah ya shirya mana, Baba." Abin da na ce ke nan. Ya ce amin, ya dafa gwiwa ya tashi ya tafi.

Da azahar Nafi'u ya zo. Ba da faɗa ya zo ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini. Gefen fuskarsa a kumbure, ya tsaya a kaina ina wanke taya, ya ce, "Yaya, don Allah a ina ka ga kwalaben nan? Ni fa kullum sai na share ƙasan kujerar nan." Na ci gaba da matse soso ban ɗago ba, na ce, "Can ciki suke, sun shige ƙarƙashin ƙarfen kujera, sai da na tura ta baya." Sai ya ce, "To wa ya shiga motar?" Ba ni yake tambaya ba, kansa yake tambaya. Ya fara tuno mutanen da ya rage wa hanya daga kasuwa, yana kiran suna yana girgiza kai yana cewa a'a, wane ba zai yi ba. Ko da wasa bai kawo ni a ransa ba. Wannan ƙarya ta biyu ita ta fi cina, don ta farko ganganci ne, wannan kuwa ina sane na yi ta, ina kallon ƙafafunsa.

Daga nan gari ya ɗauka. Duk abin da aka sani na kirki a wurin Nafi'u aka juya shi. Shirunsa, aka ce ai dama na maye ne. Barcin da yake yi a mota in sun dawo daga Dawanau a gajiye, aka ce ga shi nan. Jan idon da ƙaiƙayin gero ke sa masa, aka ce mu mun daɗe muna lura. Aka hana shi kiran salla. Ya yi rantsuwa har ya gaji, aka ce ai duk haka suke rantsewa. Inna ta roƙi a kai shi asibiti a auna jininsa, Baba Alhaji ya ce ba zai ƙara kai kunyarsa gaban likitoci ba, abin da kowa ya gani a hoto me za a auna? Ba a jima ba wasu dattawa suka ba shi shawara, aka sa Nafi'u a cikin motar nan da na wanke, aka kai shi gidan mari, wurin wani malami a wani ƙauye can gaba da mu, inda ake ajiye masu shaye-shaye ana musu karatu da ƙarfe a ƙafa. Ina rumfa suka wuce, wani baffansa ke tuƙi, Nafi'u yana baya an sa shi a tsakiya. Da ya hango ni ya ɗago mini hannu.

Kun san wani abin kunya? Kasuwata buɗewa ta yi. Hoton ya zaga, mutane suka san da rumfata, ana cewa ai wane ba ya barin komai a mota, har abin da aka ɓoye sai ya zaƙulo. Wani uba ya kawo motarsa ya ja ni gefe ya ce in na ga wani abu a ciki in raɗa masa. A cikin wannan yunwa da ake fama da ita gidana bai rasa tuwo ba, matata ta samu ciki tana cin abin da ranta ke so, kuma duk lomar da na kai baki na san daga ina ta fito. Na ƙona buhun. Na daina ƙara wa kowace mota datti, na ce ko Allah zai dube ni. Amma ƙona buhu me ya kwance?

Sai kuma Baba Alhaji ya ƙara ɗaure ni. Da yake ba shi da direba yanzu, kuma shi ya ce ba zai taka wurin ba sai ɗansa ya amsa laifinsa, ni ya zaɓa in riƙa kai Inna ziyara. Ya ce, "Kai na yarda da kai." Haka nake zama a kujerar Nafi'u, dugadugaina a daidai inda na jera kwalaben, Inna a baya rungume da kwanon dambu, mu bi ta cikin gonaki. Wani lokaci sai in ji ta ce, "Ɗan nan, kai da ka gani da idonka, anya kuwa? Ni fa na haife shi." In ce, "Sai addu'a, Inna." Ranar farko da aka fito mana da shi, ƙarar na fara ji kafin in gan shi, ƙarfen na jan ƙasa, kacau, kacau. An aske masa kai, wuyansa ya yi tsawo, idon sawunsa ya yi baƙi, fata duk ta sassale. Inna ta sa gefen mayafi ta toshe baki. Shi kuwa murmushi ya yi, ya durƙusa ya gaishe ta, ya juyo ya ce, "Yaya, ya aiki? Ka sha hanya saboda ni, Allah ya saka da alheri."

Dokar gidan ita ce, ba a sakin mutum sai ya dafa Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, ya amsa da bakinsa cewa yana sha, ya yi alkawarin ya daina. Malamin da kansa ya yi mana bayani, kuma ni ban ga mugunta a fuskarsa ba, abin da aka kawo masa da shi yake aiki. Ya ce, "Wanda ke musu, ciwon na jikinsa har yanzu. Wannan naku akwai ladabi, akwai karatu, amma akwai taurin kai." Waɗanda aka kawo bayansa, masu sha na gaske, sun amsa, sun yi kuka, an sake su sun tafi gidajensu. Nafi'u na nan, saboda ya ƙi ya dafa littafin Allah a kan ƙarya. Rani ya wuce, ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noma, yanzu ga gero ya fitar da kai, yana nan.

Anti, ni yanzu ban san kaina ba. Wannan kacau-kacau ɗin ya biyo ni gida. In matata na wanke-wanke cokali ya bugi kwano sai gabana ya faɗi. In wani ya wuce a keke sarƙarsa na kaɗawa sai in waiga da sauri kamar an kira ni. In na buɗe ƙofar kowace mota na sunkuya ƙasan kujerar direba, sai in ga kamar kwalaben na nan a jere yadda na bar su, sai na sa hannu na shafa in ji wayam. A masallaci, ko wa ya kira salla muryar Nafi'u nake ji, in tsaya a sahu har a sallame ban san abin da liman ya karanta ba. In na ɗaga waya zan ɗauki hoto sai in kasa, har na daina, dillalai na ta ƙorafi wai na yi kuɗi na fara girman kai. Na rame, wando na zamewa. Matata ta ɗauka sammu aka yi mini saboda kasuwa ta buɗe, har rubutu ta karɓo mini. Na shanye, me zan ce mata?

Kada ku ce ban gwada ba. Na taɓa shiryawa tsaf, na yi alwala, na nufi zauren Baba Alhaji da niyyar duk abin da zai faru ya faru. Na tarar da shi a kishingiɗe, ashe hawan jininsa ne ya tashi, an dawo da shi daga asibiti, gefen bakinsa ya ɗan karkace. Tun abin nan bai sake lafiya ba, kasuwar ma ƙaninsa ke je masa. Ya kama hannuna ya riƙe ya ce, "Da Nafi'u ya yi halinka, da ban kwanta ba." Ta yaya zan dubi mutumin nan in ce Baba, ɗanka bai taɓa sha ba, ka mare shi, ka sa an ɗaure shi duk tsawon nan, a kan sharar da na zuba don talla? Wallahi tsoro nake ya faɗi a gabana, in zama na kashe uban bayan na ɗaure ɗan. Amma kuma kada in yaudare ku, ba shi kaɗai nake ji ba, kaina ma nake ji. Filin rumfar nasa ne. Mahaifiyata tsohuwa tana garin nan, da wane ido za ta fita cikin mata? Matata na gab da haihuwa. Ƙannen Nafi'u kuma masu zafin zuciya ne, in suka ji ban san a yadda za a kwashe ni ba. Na yi masa sannu na fito.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne ziyarar da muka je shekaranjiya. Inna ta shiga cikin gida gaida matar Malam, aka bar ni da Nafi'u a gindin wata tsamiya, yana zaune a ƙasa ya miƙe ƙafafu saboda ƙarfen. Yana wasa da tsinke ya ce, "Yaya, na gaji. Inna ta ce jikin Baba ya yi tsanani. Ina tsoron ya rasu yana fushi da ni." Na ce, "Haba, Allah zai ba shi lafiya." Ya ce, "Na gaya wa Malam zan amsa. An aika wa Baba, ya ce ko a kwance ne a kawo shi ranar Juma'a. Zan dafa, in ce na sha, in ce na tuba. Allah ya san abin da ke zuciyata, in ya kama ni da rantsuwar, to, ya kama ni." Muryarsa ko rawa ba ta yi.

Zan faɗa muku abin da ban taɓa zaton zan iya faɗa wa wani ba. Da ya faɗi haka, abin da ya fara zuwa mini sanyi ne. Sanyi a ƙirji, kamar an sauke mini buhun dawa daga ka. Zuciyata ta ce shikenan, in ya amsa magana ta mutu, za a sake shi, uban zai yafe masa, ba wanda zai sake tambaya har abada. Wane irin mutum ne ni? Bawan Allah ya zauna da ƙarfe tun kaka don kada ya yi ƙarya da littafin Allah, yau zai yi, zai ɗauki sunan ɗan maye ya rataya har kabarinsa, gobe a goranta wa 'ya'yansa, ni kuma ina zaune kusa da shi ina jin sanyi.

Sai ya matso, ƙarfen ya yi ƙara, ya rage murya don kada sauran su ji. Ya ce, "Yaya, taimako ɗaya za ka yi mini. Malam yana yi wa mutum tambayoyi kafin ya yarda, wane iri kake sha, yaya kwalbar take, guda nawa aka gani. Ni ko hoton ban gani da kyau ba, Baba ya fasa wayata a ranar. Ban san ko ɗaci ne da shi ko zaƙi ba. Kai ka ɗauke su da hannunka. Ka gaya mini yadda suke, don kada in faɗi ba daidai ba a ce ƙarya nake, a mayar da ni."

Na ce masa fitsari ya matse ni, na zagaya bayan katanga na durƙusa na yi ta kelaya amai har Inna ta fito tana nemana. Da za mu tafi ya ce, "Ka tuna fa, Yaya, ku zo da wuri ranar, mu samu mu yi magana kafin a fara." Ni ne zan tuƙo Baba Alhaji. Ni zan riƙe shi in shigar da shi, in zaunar da shi a tabarma, in koma gefe ina kallo a ɗauko Alƙur'ani.

Jama'a, in na yi shiru, Nafi'u zai koma gida ranar Juma'a, amma da rantsuwar ƙarya a wuyansa, kuma ni zan koya masa ƙaryar da bakina. In na yi magana, zai fita da sunansa, amma ban san ko zuciyar Baba za ta ɗauka ba, ban kuma san abin da zai saura na gidana ba. Wa zan fara gaya wa, Inna, ko Malam, ko shi Nafi'un? Da wane baki? Ku zage ni in kun ga dama, amma bayan zagin ku ba ni amsa, don Juma'a jibi ce. Don Allah, don Annabi, me zan yi?